Saƙon Sista Ba Ƙugiya

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Malamarmu ta ajin manya ce ta ce mu riƙa rubuta abin da ya same mu, don kada hannu ya manta. Ina da shekara talatin da ɗaya na fara riƙe biro. Na bar ajin da cikina ya fara nauyi. Yau na dawo wa littafin, tunda a gidan nan takarda ce kaɗai ba ta katse mini magana.

An auna ɗana Mitsitsi a asibiti. Kilo biyu da giram ɗari uku. Bakwaini ne, sati bakwai ke nan da haihuwarsa. Matan layin awo sai leƙo shi suke kamar an kawo abin kallo. Wata mai ɗa kamar buhun siminti ta ce, "Ayya, Allah Ya raya." Da muryar ta'aziyya ta faɗa. Na ce amin. Nata ko wuya ba shi da shi.

Sista ta ja ni ɗakin ciki ta koya mini tausa. A ɗumama tafin hannu. Mai ɗigo uku. Daga cinya zuwa ƙafa, daga kafaɗa zuwa yatsu, ciki kuma a zagaya a hankali. Ba matsawa, ba ja. Ba a yi yana gama shan nono. Ta ce, "In ya kau da fuska ko ya yi kuka, ki tsaya. Shi ne mai jikin." Ta ce tana sa irinsu barci, tana fitar da iskar ciki, wasu har nauyinsu ya ɗan ƙaru, amma ba magani ba ce, nono ne gaba. Sai ta ƙara da cewa ni ma za ta kwantar mini da hankali. Wa ya ce mata hankalina a tashe yake?

Na nuna mata hannuna. Shekara goma sha ɗaya ina guga a shagon wanki da ke ƙasan benenmu, tafin duk kanta. Ta ce, "Hannun uwa ne, ya isa."

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yayar maigida ta sauka. Wai ta zo taya ni. Akwati biyu, da waya cike da bidiyon mata suna murza jarirai. Ta yi sakandare, kuma ba ta bari kowa ya manta. Tun da ta ji ina zuwa ajin manya take kirana Farfesa.

Ta tarar ina yi wa yaro tausa a kan gado. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Farfesa, mene ne wannan?"

"Tausa ce, Yaya."

"Wannan? Ai ko kyanwa aka shafa haka sai ta raina mutum. Kawo shi."

Na ce Sista ta ce ba a ja. Ta ce Sista 'ya'ya nawa ta haifa? Ita biyar ta raina, duk da hannun nan ta miƙe su, ga su can kamar turaku. Ban ce mata na ukun yana tafiya kamar agwagwa ba. Ta zuba mai cikin tafi kamar za ta soya shi. Ta haɗa hannunsa na dama da ƙafar hagu, na hagu da ta dama, ta gicciye hannayen a ƙirji ta ja. Ya tsandara kuka. Ta ce huhu ne yake buɗewa.

Maigida yana bakin ƙofa yana ɗaure takalmi. Na dube shi. Ya ce, "Ki bar Yaya, ta san aikin." Mutumin da in firijin mutane ya yi ɗan ƙara sai ya kasa kunne rabin awa yana saurare. Ɗansa yana kuka, wai huhu ne.

Litinin, ƙarfe tara na safe

An raba: safe nata, yamma nawa. Sai ka ce gado.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Kilo biyu da giram ɗari huɗu da tamanin. Ya ƙaru.

Tun a matakala Yaya ta fara shela. Ta gaya wa mai shagon wanki, ta gaya wa mai faci na tsallaken titi, ta buga wa ƙanwarta. "Kwana biyar kawai hannuna ya taɓa shi." Ni da nake zaune yana tsotsa har bayana ya ƙage, ashe kujera ce.

Amma zan rubuta gaskiya. Idan na yi masa tawa da yamma, in na zo tafin ƙafa, yakan buɗe yatsun kamar fanka, ya zuba mini ido. Daga nan ya yi barci har awa biyu. Bayan ta Yaya shessheƙa yake har ya gaji. Ita ma tana kiran wannan barci.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Maigida ya samo sabon wasa. Sai ya ba yaro manyan yatsunsa ya damƙe, ya kama hannayen ya ɗago shi zaune yana cewa, "Tashi, soja! Tashi!" Kan yaron yana lilo a baya. Na ce wuyansa bai yi ƙwari ba. Ya ce namiji ne. Yaya ta ce, "Farfesa komai sai ta duba littafi. Ki duba mana, shafi na nawa aka ce uba kada ya taɓa ɗansa?"

Suka yi dariya. Dariyarsu ma iri ɗaya ce, ta hanci.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Yau ya yi kuka da yawa. Bayan tausar safe ya yi, Yaya ta miƙo mini shi da sauri ta shige banɗaki. Da maigida ya dawo cin abincin rana ina wanke-wanke, na ji "tashi, soja", na ji wayarsa ta yi ƙara, na ji kuka. Ya fita bai gama cin abincin ba. Ban yi masa tawa ba yau, na bar shi ya huta.

Tun jiya bai yi kashi ba.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ba abin da ya faru yau.

Yaya ta ce kanta na ciwo, ba ta yi tausar safe ba, ta fita yawonta. Maigida yana wurin aiki. Na yi wa yaro tausa ni kaɗai a bakin gado, inda haske yake. Man ya yi yawa. Murfin kwalbar nan banza ne, wanda ya ƙera shi bai taɓa riƙe jariri ba. Na wanke zanin gado. Na goge ƙasa sau biyu.

Bai kai ƙasa ba.

Na ce ba abin da ya faru.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na jefar da kwalbar. In an ɗaga shi kuka, in an sa masa riga kuka. Yana shan nonon hagu, na dama kuma sai na kwanta na ba shi.

Laraba, ƙarfe uku na yamma

Hannunsa na dama yana ta dambe da iska. Ɗayan yana hutawa. Yara suna da hannun da suka fi so, kowa ya san wannan.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Awo. Giram arba'in kacal ya ƙara. Mai buhun siminti tana nan, ta ce, "Har yanzu dai?" Na ce har yanzu dai ba a samo wuyan naki ba? A zuci na faɗa.

Sista ta ce akwai damuwa? Na ce kwana huɗu bai yi kashi ba. Ta ce mai shan nono zalla yakan yi kwanaki haka, in dai cikin da laushi ba komai. Ta taɓa cikin, da laushi. Da ta ɗaga shi daga sikeli ya ƙwala ƙara. Ta mayar da shi. Ta bi jikinsa da yatsa biyu a hankali, irin yadda nake bin ɗinkin riga kafin na ɗora dutsen guga. Ta zo tsakanin wuya da kafaɗa ta tsaya. Ta daɗe a wurin.

"Maman yaro, akwai abin da kike so ki gaya mini?"

Na ce kashin dai.

Ta dube ni. Ta ce likita ba ya nan yau, za ta yi masa magana ta turo mini saƙo. Kafin nan kada a taɓa shi da tausa, a riƙa ɗaukarsa da hannu biyu ta ƙarƙashi. Masu farar riga duk haka suke, su dubi mutum kamar sun ga hanjinsa.

Juma'a, ƙarfe sha biyu na rana

Saƙon ya zo. Zan kwafe shi yadda yake:

"Maman yaro, likita ya ce kila matsalar kashi ce. A daina tausa gaba daya. Ki kawo shi Litinin da safe a dauki hoto."

Na karanta sau uku, ina bi da yatsa. Yaya ta fizge wayar, wai kafin in gama haɗa baƙi yaro ya shiga makaranta. Ta karanta da ƙarfi. Ta ƙura wa layin farko ido. Sai ta tafa hannu.

"Ba na faɗa ba? Kashi ne! Cikinsa ne ya ɗaure. Hoton ciki za su ɗauka."

Ba ta taɓa faɗa ba. Maigida ya dawo, ta miƙa masa. Ya duba, ya sake dubawa, ya sosa ƙeya. "Eh. Kashi ne. Ai da sauƙi." Suka juyo gare ni. "Farfesa, ke me kika gani?"

Na ce abin da aka rubuta shi na gani.

Ba ƙarya na yi ba. Haka aka rubuta.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Malama takan buga allo da alli ta ce, "Ku kula da ƙugiya! 'Yar lanƙwasar nan ta saman harafi ita ta raba baki da baƙi, ita ta raba kafa da ƙafa." Wata uku ina fama kafin hannuna ya iya ta. Waɗanda suka yi boko tun suna yara ba su damu da ita ba, sun wuce wurin. Sai mu da muka zo a makare muke ɗaukarta kamar ƙwai.

Ban san me ya kawo wannan ba. Tunawa kawai na yi.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Ƙunzugu na farko: fitsari. Na biyu: fitsari.

Gidan nan ya zama ofishin binciken ƙunzugu. Da ya yi ɗan nishi mu uku mu taso. Yaya ta buɗe, ta leƙa, ta sunsuna. Mai sakandare ke nan, hanci cikin ɗuwawun jariri.

An ce a daina tausa, ta ce ta ciki ba ta cikin lissafi, ai ita ce maganin kashi. Na zuba mata ido. Da yatsa biyu take zagaya cibiyar, a hankali, yadda kyanwa za ta raina mutum. Ba haɗa hannu da ƙafa. Ba gicciyewa. Hannayensa ko kallonsu ba ta yi.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Soja ma ya yi ritaya. Tun Litinin ban ƙara jin "tashi" ba. Maigida ya shigo ya tsaya a kan yaro hannuwa a baya, kamar mai kallon kaya a kanti. Na ce ga ɗanka, ɗauke shi. Ya ce hannunsa da baƙin mai. Na ga hannun. Tas yake.

Matsorata. Ban san me suke tsoro ba, amma matsorata ne.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Akwai ɗan kumburi a wurin da yatsun Sista suka tsaya, kamar ƙwayar wake. Na sa masa riga mai wuya.

Bai kai ƙasa ba. Na cafe shi. Kowace uwa abin da hannunta ya samu shi za ta cafe.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Ya yi.

Har baya, har gadon. Yaya ta ɗaga ƙunzugun sama kamar tuta tana ihu. Maigida ya leƙa ta taga ya gaya wa mai faci. Mai faci ya ce madalla, bai san kan zancen ba.

Yaya ta ce, "To, an huta. Asibitin me kuma? A je a haska yaro da injin banza?"

Maigida ya ce, "Gaskiya ne. Gobe ma ina da firiji uku."

Ni ma na ce alhamdu lillahi. Na wanke shi. Na sa hannun dama a riga, ya taya ni. Na ɗauki na hagu na sa, kamar ina sa hannun riga a cikin hannun riga.

Suna falo suna dariyar hancin nan. Ba ta fita da kyau yau.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Na shirya shi. Na zuba ƙunzugu uku a jaka da katin awo. Yaya tana shan shayi ta ce, "Farfesa, ina zuwa?"

Na ajiye wayar a kan tebur tsakaninsu. Ni dai na iya karatuna.

Na ce, "Yaya, karanta mini nan."

"Ƙila."

"Akwai ƙugiya a jiki?"

"Wace ƙugiya kuma?"

"Babu. Kila aka rubuta, kika ce ƙila. Nan fa?"

"Gaba ɗaya."

"Daya aka rubuta. Nan kuma dauki aka rubuta, kika ce ɗauki. Wayar Sista ba ta da ƙugiya ko ɗaya. Guda uku kika sa da bakinki ba wanda ya roƙe ki. Ta huɗun ce ta gagare ki?"

Na ɗauka za ta taso mini. Na ɗauka shi zai ce me nake nufi. Ba wanda ya ce me nake nufi. Yaya ta dubi cikin kofinta. Shi ya dubi takalminsa. Fankar sama tana ta juyawa.

Na ce, "Ƙashi ne."

Maigida ya miƙe ya ɗauki jakar. Firiji ukun nan ko ta kansu bai bi ba.

Litinin, ƙarfe uku na yamma

Siririn ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa, na hagu. Ya tsage. Likita ya ɗaga hoton a jikin haske ya nuna mana, ɗan layi kamar gashi. Kumburin da na ɓoye da riga, wai ƙashin ne ya fara ɗinke kansa. Shi bai jira mu ba.

Sai ya ajiye hoton ya ce, "Me ya sami hannun nan?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na buɗe baki na ce, "Ranar Talata..."

Yaya ta ce, "Ranar Litinin da safe..."

Maigida ya ce, "Likita, ni ne, Litinin da rana..."

Lokaci ɗaya. Muka tsaya muna kallon juna. Likita ya ce ɗaya bayan ɗaya, don Allah.

Ita ta ji ɗan "ƙas" da ta gicciye hannayen. Shi wayarsa ce ta yi ƙara, ya saki hannun dama ya bar yaro a rataye da na hagu. Ni kuma na faɗi nawa. Duka na faɗa, da man, da bakin gado, da yadda ya sulɓe, da inda na cafe. Ba zan sake rubuta shi a nan ba, na faɗa inda ya dace.

Ashe tun Juma'a mu uku mun ga ƙugiyar. Kowa da kazarsa a aljihu, ba mai jimirin as. Kwana uku manya uku suna sunsunar ƙunzugu.

Na tambayi likita wanne ne a ciki. Ya ce ƙashi ba ya rubuta sunan wanda ya taɓa shi. Ya yi mana faɗa, mai tsawo, bai ɗaga murya ba. Ya ce jariri ba a jansa ta hannu, ba a miƙe shi da ƙarfi, tausa shafa ce. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi ba tsagewar ba ce, shirun ne. Sista ta maƙale hannun rigar a ƙirjin rigar da fil, ta ce kowane sati sai ta gan shi, ta gan mu.

A hanyar fita na nuna mata saƙon. Ta dafe kai. Ta ce daga yau bugowa za ta riƙa yi.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na duba shafukan baya. Matsorata, na rubuta. Da kyakkyawan rubutu kuwa.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ta yi kwana biyar ba ta ce Farfesa ba. Yau ta ce, amma a hankali. "Farfesa, ruwan wankansa ya yi?" Na ce ya yi. Ta goge bidiyoyin, ta ce wai wayar ce ta cika.

Maigida kuma ya dawo da wani allo mai taushi da ya haɗa, mai katanga ta kowane gefe, a riƙa kwantar da yaro a ƙasa. Ya karkace ta gefe ɗaya. Na kwantar da yaron a kai.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana, bayan sati uku

An cire fil. Kilo uku da giram hamsin. Mai buhun siminti ba ta zo ba, abin ya ba ni haushi.

Sista ta ce a ci gaba da tausa, ƙafafu da baya tukuna, kafaɗa sai ta ce. Na ce hannuna ba zai iya ba. Ta ce, "Hannun da ya cafe shi ne. Ɗigo uku."

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na yi. A ƙasa, kan allon da ya karkace. Na ɗiga man a cokali tukuna, na ƙirga. Na fara daga cinya na gangaro. Da na zo tafin ƙafa ya buɗe yatsun. Yaya tana gefe a tsugune, ta ce in nuna mata yadda ake yi, za ta koma gida jibi kuma surukarta na da ciki. Na ce ta fara ɗumama hannu. Ta ce ta sani. Ba ta sani ba.

Na koma shafin Juma'a inda na kwafe saƙon, na sa ƙugiyoyin da jan biro. Guda huɗu.

Yana kan cinyata yanzu. Wannan layin da ya karce ƙasan shafin ba nawa ba ne. Biron ya fizga, da hannun hagu.

Rubutunsa ya fi na Yaya kyau.